Gayyar da Liman Bai Kira Ba

Na yi shekaru a gaban tablo, baƙin allon aji, ina koya wa yara cewa in aka raba ƙarami ga babba, sai an shiga gutsure-gutsure. Ban san za a gwada darasin a jikina ba sai da na kama aikin ƙungiya, inda aka ɗauki mutum biyu aka raba su ga rassa uku, aka kuma ce lissafi ya fita daidai.

Ƙungiyar addini ce, irin wadda in an ambace ta a bakin kasuwa sai wani ya gyara zama, wani ya tashi ya kaɗe riga. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi sunan da mutane suka laƙa mana ba, don ba mai daɗin ji ba ne. Laifinmu a wurinsu sananne ne: mun gina masallacinmu daban, ba ma zaman sadakar bakwai in an yi rasuwa, kuma muna cewa kiɗa bai halatta ba, na biki ne ko na gona. Ni da imanina na shiga. Da yunwa ce ta kai ni, da ta kai ni inda ya fi maiƙo. Kafin nan mushe ne ni, wato malamin boko, ina aikin kontira a lakwal ɗin gwamnati, na saba da albashin da ke zuwa kamar baƙon da ya ɓata hanya, har na zaci na taɓa ƙasan talaucin mai alli. Ashe rijiyar da sauran zurfi.

Babban biro, wato ofishin ƙungiya, yana Tasawa. Rassan da aka ba mu suna cikin ƙasar Mayahi: biyu a ƙauyukan Atantane, na uku can ta wajen Isawan, inda gonaki ke fara sirancewa, dabbobi su fi mutane yawa. Kowane reshe yana da masallaci mai rufin kwano, da azuzuwa, da amsa-kuwwa, da allo a bakin hanya mai ɗauke da sunan ƙungiya da manyan baƙaƙe. In ana taro a Tasawa, sai ka ji ana cewa kowane reshe yana da liman da ladan da malamin Arabiyya da mushe da mai gadi. Ba ƙarya ba ce, yana da su. Abin da ba a faɗa shi ne, duk waɗannan manyan mutane hula biyu suke sawa, tawa da ta Liman.

A da mu uku ne. Na ukun ya jure iyakar jurewarsa, sannan wata safiya ya bi motocin Agadas zuwa wurin haƙar zinari, ya bar mana mabuɗi a hannun mai shayi. Aka ce za a kawo madadinsa. An daɗe ana kawo shi.

Liman ya ɗan girme ni. Ɗan ƙauyen reshe na farko ne, can aka haife shi, can gonarsa take. Siriri ne, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalma ta zube. Shi ke kiran salla, ya juyo ya ja ta, ya kakkaɓe tabarmi, ya zaunar da yara ya koya musu karatu, in an haihu a gidan ɗan ƙungiya ya je ya raɗa suna. Ni kuma nawa Faransanci ne da lissafi, da gyaran amsa-kuwwa in ta shaƙe, da tuƙin moto. Moton na ƙungiya ne, asans, wato man fetur, namu. Mukan yi kwanaki a nan, mu naɗe tabarma mu yi can, ni a gaba, shi a baya rungume da littattafai, muna nutso cikin yashin gulbin Kaba, muna sauka muna turawa.

Abin da ake ba mu ba a kiransa albashi. Sakataren ƙungiya, wani mai zaƙin lafazi da shadda mai sheƙi, ihsani yake ce masa, domin a faɗarsa albashin gaskiya yana Lahira. Ban taɓa musa masa ba. Mai gero a kasuwar Mayahi ne dai ya ƙi yarda a biya shi can. Ihsanin nan, in ya zo, yakan kai mutum tsakiyar wata, muddin ba a yi baƙo ba, ba a yi ciwo ba, moto kuma bai yi tari ba. Sauran wata da sauran shekara gona ce ke riƙe da mu. Ni iyalina suna gidan mahaifina, ƙannena ke noma, don haka abin da ihsani ke jawo mini bai wuce kunya ba. Liman kuwa ba shi da kowa sai matarsa da ƴaƴansa mata ƙanana da gonar da ya gada. Abin da ya shiga rumbunsa shi ne abin da gidansa zai ci, babu wani.

A shekarar da nake magana ruwa ya sauka da kyau. Shuka ba ta ba mu wuya ba, don ba ta cin lokaci: Liman ya sara da sungumi, matarsa da yara suka bi suna zuba iri suna rufewa da diddige, ni ma na sa ƙafa. Noma shi ne magana. Lakwal ɗin gwamnati yakan rufe da damina, saboda ko gwamnati ta san yaro hannu ne a gona. Mu kuwa sai ga saƙo daga Tasawa cewa a bana za a yi darasin bakans, wato karatun lokacin hutu, a dukan rassa, kuma kada masallaci ko ɗaya ya yini ba jagora. Dalili shi ne, masu adawa da mu suna yi mana dariya, wai masallatanmu ƴan ci-rani ne, ruwa na sauka sai su watse. Domin a rufe bakin masu dariya, aka ga ya dace mutum biyu su riƙe ƙofa uku a buɗe. Aka tura Liman reshen Isawan, wanda ya fi nisa, saboda can ne sababbin shiga suke, ana tsoron kada a janye su. Ni aka bar ni ina zirga-zirga tsakanin sauran biyun, ina kuma ɗauko shi ina mayar da shi.

Gero ya fito, ciyawa ta fito tare da shi, ita kuwa ba ta da darasin bakans. Duk lokacin da muka biyo ta gefen gonar sai in ji Liman ya juya a bayana yana kallonta har mu wuce. Harƙiya ta shimfiɗa tabarmarta, ƙarangiya ta ɗago kai, geron ya fara yin rawaya, ya sirance kamar mai shi. Kowane manomi ya san akwai lokacin da in ya wuce ba a yi noman farko ba, ko an yi daga baya kara kawai za a girba. Lokacin nan yana matsowa, kuma ba ya jiran izinin kowa. Matar Liman ta fita da hauya da goyo a baya, ta yi abin da mace ɗaya za ta iya yi a gonar da aka yanka don maza. Ƴan ƙwadago kuwa da damina sarakuna ne. Abin da za su nema a irin gonar nan, limamin rassa uku ba ya ganinsa a hannu ko da wata ya cika.

Muka tafi Tasawa. Liman ya roƙi ɗaya cikin biyu: ko a aiko wanda zai riƙe masa masallaci har ya gama noma, ko a yarda a rufe azuzuwa na ɗan lokaci. Sakatare ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo mana ruwa mai sanyi, ya saurara har ƙarshe, don mutum ne mai ladabi. Sannan ya ce babu mutum, babu abin ɗaukar mutum, kuma rufe ƙofa a wannan lokaci daidai yake da miƙa wa maƙiyi wuƙa. Ya tuna mana da tsuntsaye, masu fita da safe ciki wayam su dawo da yamma a ƙoshe. Na ce gaskiya ne, Allah ya gafarta Malam, na ma san inda suke ƙoshin: a gonar wanda ya yi noma. Ya yi murmushi ya ce ciwon ƴan lakwal ke nan, ba sa barin magana ta wuce sai sun feɗe ta. Muka fito da addu'a mai tsawo, wadda ban raina ba, muka hau moto.

Akwai abin da ƙauye ke yi wa mutumin da noma ya fi ƙarfinsa, shi ne gayya. Ka gaya wa Sarkin Noma, shi ya tara samari, kai ka sa a dama fura ka raba goro, a shiga gonarka da safe a fita kafin azahar. Sai dai a ƙauyen nan ba a gayya sai da gangar noma. Makaɗi na biye da samari yana kiran kowa da kirarinsa da na kakansa, kuma saurayin da zai yi maka aikin malalaci cikin shiru, in ganga ta ambace shi sai ka riƙe shi kada ya nome har hanya. To, ƙulli biyu ne a maganar. Na farko, Liman ya sha hawa mumbari ya ce gangar nan ba ta halatta ba, ya faɗa ta amsa-kuwwa, duk ƙauye ya ji, har makaɗin, wanda gidansa ke bayan masallaci. Na biyu, Sarkin Noma yayan Liman ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun ranar da Liman ya ƙi zama a sadakar bakwai ta mahaifinsu, gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ita ma gajera.

Na je wurin Sarkin Noma ban gaya wa Liman ba. Na tarar da shi a ƙofar gida yana wasa bakin hauya, ƙaton mutum mai furfura a gemu da murya kamar daga cikin randa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ashe ƴan Aljanna ma suna leƙo unguwar ƴan wuta. Na ce mun zo duba masauki ne, ko da lissafi zai ɓaci. Ya yi dariya har ya ajiye hauyar, ya turo mini turmi na zauna. Na faɗi abin da ya kawo ni, amma ya riga ya sani. Gonarsa da ta ƙanensa a da gona ɗaya ce, gado ya raba ta, layin ciyawar gamba ne kawai a tsakani. Kullum yana ganin ciyawar.

"Mushe," ya ce, "ɗan uwana ne, ba ni so ɗiyanshi su kwana da yunwa. Amma ni ban iya gayyar bebaye ba. Shi zo da bakinshi shi ce a kaɗa mashi ganga, gobe in cika mashi gona da samari."

Na nemi rangwame, ko za a yi da waƙar baki kawai. Ya ce in je in gaya wa mutanen Tasawa su gwada kiran salla ba amsa-kuwwa, sannan in dawo mu yi maganar rangwame.

Da na kai wa Liman labari na zaci zai yi fushi don na je ba da saninsa ba. Bai yi ba. Ya bar ni na jero hujjojina, na kawo maganar lalura, na kawo saɓanin malamai, na yi ta ɗora littafi kan littafi kamar mai gina rumbu da takarda. Ya fi ni sanin duk abin da na ambata, ya kuma fi ni sanin abin da ke cikin rumbunsa. Da na gaji sai ya ce:

"Abin da na faɗa bisa mumbari, ban faɗe shi don ihsanin Tasawa ba. In na janye shi yau don gero, to gero nike bauta ma."

Na ce to shi ke nan, sai a yi wa gonar salla. Ya ja carbinsa, sannan ya ƙara:

"Amma ban ga inda aka ce in bar ɗiyana da yunwa don a ga ƙofa buɗe ba. Tada moto."

Muka tafi reshen Isawan. Ya tara ƴan ƙungiyar da ke can, ba su fi a ƙirga su a inuwa ɗaya ba, ya zaɓi wani dattijo makiyayi mai kyakkyawan karatu ya ce shi zai riƙa jan salla har a gama noma. Ya sallami yara, ya ce kowa ya je ya taimaki ubansa, ya rufe azuzuwa. Abin mamaki, ba wanda ya yi kuka. Iyayen ma sai na ga kamar an sauke musu kaya, don su ma kunyarmu ce ta sa suke turo yaran. Muka yi haka a reshe na biyu. A hanya muka hau wani tudu inda waya ke kamawa, Liman ya kira Sakatare ya gaya masa abin da ya yi. Gaya masa ya yi, bai roƙa ba. Ina jin muryar Sakatare tana fitowa ƙanana-ƙanana daga wayar, yana cewa wannan tawaye ne. Liman ya ce a'a, noma ne, ya yi masa sallama mai kyau ya kashe.

Hausawan kudu suna yi wa noma kirari da na duƙe. Mu a ƙasar yashi a tsaye muke yinsa, da hauya mai doguwar ƙota wadda ake turawa gaba a ƙarƙashin ciyawa. Daga nesa sai ka ce mutum yawo yake da sanda. Daga kusa, ga wanda ya yi shekaru ba ya riƙe abin da ya fi alli nauyi, magana ce daban. Tafin hannuna ya yi ƙuraje, ƙurajen suka fashe, kafaɗuna suka daina amsa sallama. Mu uku ne, Liman da matarsa da ni, kuma ko makaho ya san ba za mu ci gonar nan kafin lokaci ya wuce ba. Muna gaba, ciyawa na sake ɗagowa a baya. Masu wucewa a kan amalanke suna mana sannu da aiki, wasu su ƙara da tambayar ko mala'ikun gayyar ne suka makara. Liman ya amsa sannun, ya bar sauran a kan hanya. Ni kuwa nakan ce suna tafe, asans ne ya ƙare musu. Ban taɓa jin ni ɗan ƙungiyar nan ne kamar a kwanakin da ƙauye ke mana dariya, ƙungiya kuma ke kiranmu ƴan tawaye ba. Aƙalla a karon nan da dalili muke shan wuya.

Wata safiya, rana ba ta gama ɗagowa ba, muka ji ganga. Sarkin Noma ne ya kira gayya a gonarsa. Gonar nan tasa tas take, ko akuya ta shiga sai ta fita da yunwa, kuma lokacin maimai, noma na biyu, bai yi ba. Duk da haka ga samari sun jeru a can ƙarshenta, riguna a ɗaure a ƙugu, makaɗi a bayansu, suna nomar yashi da himma kamar ciyawa ta kai wuya. Suka taho, ƙura na tashi, suna dosar layin gamba. Liman ya tsaya, hauya a hannu, yana kallo. Na ɗauka zai juya ya bar gonar.

Da suka iso gamba sai makaɗin ya ja ya tsaya cak a ƙarƙashin wani gawo, a ɓangaren Sarkin Noma, ya gyara rataya, ya ƙara wa gangar wuta. Samarin kuwa suka tsallake gambar kamar ba a taɓa shuka ta ba, suka faɗa cikin harƙiyar Liman, Sarkin Noma a gaba. Liman ya taka ya tare shi.

"Yaya, kun wuce iyaka."

"Wace iyaka?" in ji Sarkin Noma, bai ma tsaya ba. "Ni tsoho ne, idona ya yi rauni. Gonar babanmu nike noma."

"Ban kira gayya ba."

"Wa ya ce ka kira? Kauce, kana tare ma yara hanya."

Liman ya juya ya dubi makaɗin. Makaɗin bai daina kiɗa ba, sai ya ɗaga ƙafa ɗaya ya nuna masa ita, ya sauke ta a hankali a bayan gamba, ya ɗaga ɗayar ma ya nuna, don kada a yi gardama. Samari suka kwashe da dariya. Liman bai yi ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ba gangar baya, ya tafi kusurwar da ta fi nisa da ita ya ci gaba da nomansa, leɓɓansa na motsi. Na lura da wani abu da ban ga kamarsa ba kafin nan ko bayan nan: yana ta ƙoƙarin kada hauyarsa ta bi kiɗan. Ganga ta buga, shi ya jinkirta. Ta saurara, shi ya tura. Duk wanda ya taɓa noma kusa da ganga ya san wannan ya fi noman kansa wuya. Tawa hauyar dai ba ta da irin wannan tsoron Allah.

Makaɗin ya yi ta kiran samari ɗaya bayan ɗaya, har ni ya jefo mini rabona, wai mushe mai hannun jarirai, ciyawa na ganinsa tana gyara kwanciya. Amma tun daga fari har ƙarshe bai ambaci Liman ba, ba da yabo ba, ba da zambo ba, alhali yana da abin faɗa cike da baki.

Matar Liman ta zo da furar mutum uku. Ta tsaya ta dubi gonar, ta ajiye ƙwaryar ta koma gida. Can sai ga ta da maƙwabta mata, kowace da ƙwarya a ka. Na san daga inda geron ya fito, daga gindin rumbu ne, inda hannu ke taɓa ƙasa. Liman ya matsa kusa da ita ya ce mata a hankali shi fa bai kira gayya ba. Ta ce ita ma, Malam, ba furar gayya ta dama ba, mutane ta gani a gonarta suna jin ƙishirwa.

Kafin azahar an gama. Da Liman ya ce lokacin salla ya yi, ganga ta yi shiru nan take, kamar yadda take yi kullum ba sai an yi mata wa'azi ba. Aka yi taimama a yashi. Wasu samari suka tsaya bayan Liman, wasu suka ja gefe suka yi tasu. Sarkin Noma yana cikin na gefe. Da aka sallame ya saɓa hauyarsa, ya ce wa ƙanensa ɓangaren gabas ya riga ya shaƙe, kada ya sa rai da shi, ya tafi.

Hannuna bai warke ba labari ya isa Tasawa, kuma ya isa da ƙiba: wai limamin ƙungiya ya sa an kaɗa masa ganga a gona, wasu ma suka ce an gan shi yana gyaɗa kai. Aka kira mu gaban kwamiti. Sakatare ne da dattawan ƙungiya, yawancinsu ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, mutanen kirki waɗanda suke ganin gero a buhu. Laifi biyu aka karanta mana, rufe azuzuwa da kiɗa, amma na ga na biyun ya fi yi musu zafi, don shi ake yi musu dariya da shi a kasuwa.

Aka ce in faɗi abin da na gani. Na ce ganga ba ta shiga gonar Liman ba, a gonar yayansa ta tsaya, kuma duk mai shakka gambar tana nan, gawon ma bai tashi ba. Sakatare ya ce to sautinta fa, shi ma a gamba ya tsaya? Na ce Allah ya gafarta Malam, sauti ba ya sanin iyaka. Amsa-kuwwarmu kullum asuba tana shiga ɗakunan mutanen da ba su gayyace ta ba, ban kuwa taɓa jin mun ce sun zama ƴan ƙungiya saboda haka ba. Wani dattijo ya kai hannun riga baki, wai tari ne.

Liman bai yi dogon bayani ba. Ya ce bai kira gayya ba, ra'ayinsa a kan ganga yana nan inda yake, kuma Juma'a mai zuwa zai sake faɗa. Amma ba zai koma ya dasa ciyawar da aka cire masa ba. Game da azuzuwa kuwa, shi ya rufe su da hannunsa, kuma in Allah ya kai mu wata damina ba a aiko mutum ba, zai sake rufewa. Sakatare ya gyara murya ya ce in haka ne, dole ƙungiya ta duba ko akwai wanda ya fi dacewa da wannan amana.

Liman ya sa hannu a aljihu ya fito da mabuɗan rassa uku, duk a igiya ɗaya, ya ajiye su a tsakiyar tabarma.

Ban taɓa ganin ƙarfe ya yi wa manya kwarjini haka ba. Kowa ya dube su, ba wanda ya miƙa hannu. Duk wanda ke ɗakin ya san abin da ake ba mu, ya kuma san tun yaushe ake neman mutum na uku ba a samu ko mahaukaci ba. Kowannensu yana da ɗa ko ƙane mai karatu, kuma na ga kowa yana addu'a a zuci kada a tuna da nasa. Muna jin mai ƙosai na kiran ciniki a waje. Daga ƙarshe dattijon nan mai tari ya sa bakin sandarsa ya tura mabuɗan a hankali har gaban Liman, ya ce a yi haƙuri, ɗan Adam ajizi ne. Bai fayyace wane ɗan Adam ɗin ba. Aka yanke cewa an yi mana gargaɗi. Ihsani bai ƙaru ba, mutum na uku bai zo ba, mu ma ba mu janye komai ba.

Juma'a ta zo, Liman ya hau mumbari ya cika alkawari, ya yi magana a kan ganga kamar yadda ya saba, bai rage ba bai ƙara ba. Makaɗin, wanda ya saurara daga bayan katangarsa, ya tare ni da yamma ya ce a gaya wa Malam muryarsa ta yi ƙarfi bana, da alama ya tabbata zai ci tuwo.

Ɓangaren gabas bai tashi ba, kamar yadda Sarkin Noma ya faɗa. Kara ya ba da, awaki suka gode. Sauran gonar ta murmure, ta yi kai, ta yi ido. Ba irin shekarar da ake ba jikoki labari ba ce, amma da muka fara yanka na ga matar Liman tana duban zangarniya tana lissafinta na mata, fuskarta kuma ba ta ɓaci ba.

Muna cikin girbin nan saƙo ya zo cewa ƙungiya ta sami babbar nasara: an gama ginin sabon reshe a wani ƙauye na gundumar Sarkin Hausa, kuma tun da mu ne mafi kusa, mu za mu riƙa leƙa shi kafin a sami ma'aikaci. Ana so mu je cikin makon nan a buɗe. Na sami Liman a gona ya danne dami da gwiwa yana ja masa igiya, na gaya masa. Bai ɗago ba. Ya ce in gaya musu sai bayan girbi.

Na kira Sakatare na isar. Ya tambaye ni, da ladabinsa na kullum, yaushe ne bayan girbin. Na ce Allah ya gafarta Malam, wannan gero ne zai faɗa, kuma bayansa akwai wake.